Yadda ake neman baƙin tsuntsaye a gabar Tekun Arewa lokacin ƙaurar farkon bazara

Daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu sanyin Turai yake fara sassautawa, tsuntsayen da suka gudu Afirka kudu da Sahara su fara komowa, su kuma dinyoyin da suka cinye hunturu a bakin teku su fara shirin kama hanyar Saberiya. A cikin wannan hada-hadar ake tsintar baƙon tsuntsu, wanda ba a saba gani a wurin ba. Mutane suna cewa sa'a ce kawai, ni dai ban yarda ba, rabin aikin iya karanta iska ne.

Da farko zaɓi wuri. Tsuntsun da ya kwana yana keta teku ba ya zaɓe, ƙasar da ya fara hangowa nan zai faɗa, shi ya sa tsibiri ko ƙasar da ta yi tsini cikin ruwa suka fi ko'ina. A Ingila akwai Spurn, wani siririn tudun yashi a bakin kogin Humber, da fadamar Cley a Norfolk, can sama kuma a Sukotilan akwai tsibirin Fair Isle tsakanin tsibiran Orkney da Shetland inda ake lissafin tsuntsaye tun 1948, Jamusawa kuma suna da tsibirin Heligoland.

Sai ka duba hasashen yanayi tun da dare, nan ne maganar take. Idan iskar kudu mai ɗumi ta yi kwana biyu tana kaɗawa, tsuntsun da ya kamata ya tsaya a Sifen ko Faransa sai ya zarce, shi ya sa za ka ga alhudahuda da tukkunsa yana kiwo a ciyawar gabar Ingila jama'a sun yi layi da kyamarori kamar an ga sabon wata. Iskar gabas kuma tana ture waɗanda suka nufi Suwidin da Nowe su tsallako yamma. Amma babbar garaɓasa ita ce dare ya fara garau tsuntsaye su tashi, gab da asuba hazo ko yayyafi ya rufe gabar, toh dole su sauko, sai ka ga kowane ɗan kurmi cike da su a gajiye. In sama ta kwana fes har safiya yawanci wucewa suke ta can sama, ka yi barcinka kawai.

Ka kuma duba jadawalin cikar teku, sau biyu take cika a kwana ɗaya. Je awa ɗaya ko biyu kafin ta cika, ruwan ne da kansa zai koro maka masu dogayen ƙafa masu kiwo a laka har kusa.

Kayan aiki ba wani yawa, madubin hangen nesa 8x42 ya isa, ɗan littafi da fensir (biro yana ƙin rubutu a kan jiƙaƙƙiyar takarda), da rigar sanyi mai kauri don iskar teku a Maris ba wasa ba ce.

Yanzu abin da sababbi ba sa son ji, ba za ka gane baƙo ba sai ka san 'yan gida. Ka ɓata lokaci a kan waɗanda ke fara isowa duk shekara, kamar ɗan tsuntsun da Turawa ke kira wheatear, nauyinsa wajen giram 25, yana tsayawa ƙiƙam a kan dutse in ya tashi ka ga farin gindinsa, da tsattsewar yashi mai ruwan ƙasa da ke shawagi kan ruwa. In idonka ya saba da su, ranar da wani ya fita daban kai da kanka za ka ji a jikinka.

Idan ka gan shi kar ka yi saurin buɗe littafi, tsuntsu ba ya jira. Ɗauki hoto ko da bai fito sosai ba, naɗi kukansa a waya, sannan rubuta girmansa idan aka gwada da na kusa da shi, siffar baki, launin ƙafa, zanen fiffike, yadda yake motsa wutsiya. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye tana taimakawa amma tana kuskure, kar ka mai da ita alƙali.

Daga nan sai ka saka a eBird ko BirdTrack, shafukan intanet da ake tara rahoton ganin tsuntsaye, da lokaci da takamaiman wuri. In baƙon gaske ne a Birtaniya akwai kwamitin da ke tantance irin waɗannan rahotanni tun 1959, kuma ba sa jin kunyar ƙin karɓa in hujja ba ta cika ba. Don Allah kar a matsa wa tsuntsun, ya sha tafiya abinci yake nema, kar a kunna masa kuka a sifika, kar a shiga gonar mutane ba izini, in kuma ka ga alamar sheƙa yake yi kar ka watsa wurin a intanet, ka faɗa wa masu kula da gandun kawai.