Kurakuran da masu dashen geza suke ta maimaitawa

Na gaji da jin ana cewa geza ba ta yi a gida. Tana yi mana, mu ne muke kashe ta. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena na Zariya ya san irin wurin da itatuwan dutse irin su geza suke so: tsakuwa, marmara, tsagar dutse inda ruwa ba ya kwana.

Babban kuskure shi ne shagwaɓa ta. Ni ma na yi shi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Na ɗebo baƙar ƙasar fadama daga bakin rafin Kubanni, na cakuɗa da takin kaji, na dasa 'yan tsirrai goma sha biyu da na yi wata huɗu ina reno, ina ba su ruwa safe da yamma. Kafin ƙarshen Agusta saiwarsu ta ruɓe, biyu kacal suka tsira, su ma don suna kan tudu ne. Ruwan saman Zariya ya kai kusan milimita 1,000 a shekara, ya ishe ta har ya yi yawa. Yanzu jar ƙasa nake sa wa da tsakuwa, in ɗaga wurin kamar kunya, in dasa a farkon damina, in rabu da ita.

Kada ka je ka tumɓuke babba daga kan dutse. Saiwar za ta tsinke, ka yi asara, dutsen ma ya yi. Tsinci 'ya'yanta masu fukafukai huɗu idan sun yi ja sun bushe, ka ɓare, ka jiƙa kwana ɗaya. Ko ka danne reshe a ƙasa da dutse har ya yi saiwa, sannan ka yanke.

Sai feshi. Nan ne raina ya fi ɓaci. Geza tana fure wajen ƙarshen rani zuwa saukar ruwan farko, ƙananan furanni farare, masu jawo ƙudan zuma. Su ne kuma za su yi maka barbarar kabewa, gurji da kankana daga baya. Wata shekara na sa aka fesa wa tumatir magani da hantsi, iska ta kwashe shi zuwa kan gezar da ke cike da ƙudan zuma. Washegari gawarwakinsu na share a ƙarƙashin amya. Haba jama'a! Ka jawo su da fure sannan ka ba su guba? In dole ne, bari sai bayan magariba sun koma gida, kuma ka duba inda iska ta dosa. Ni dai na daina feshi kwata-kwata muddin tana fure.

Idan ganyenta ya yi ja ya zube da hunturu, ba mutuwa ta yi ba, kada ka sare. Kada kuma ka yi mata aski gab da fure. Ka kewaye ƙanana da ƙaya saboda awaki, ka share busasshiyar ciyawa a gindinsu kafin masu farautar gafiya su cinna wuta.

Guda ɗaya tal a kusurwar gona ba ta tara ƙudan zuma. Ni jere nake yi a kan iyaka, taku uku tsakani, in sa sabara da magarya a tsakiyarsu don fure ya riƙa karɓar fure, in ajiye kasko da ruwa da 'yan duwatsu a ciki inda za su sauka su sha.