Yadda ake karanta farashin caca da hasashen wasa a gasar Roland Garros

Gasar Roland Garros da ake yi a birnin Paris daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ita kaɗai ce cikin manyan gasannin tanis huɗu ake bugawa a kan jar ƙasa. Lambobin da kamfanonin caca ke fitarwa, waɗanda ake kira od, ana iya karanta su a matsayin hasashe ko da mutum ba ya sa ko kwabo, kuma hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne.

Fara da mayar da od zuwa kashi cikin ɗari: raba 100 da lambar. Ɗan wasan da aka ba 1.50 yana da kashi 66.7, abokin karawarsa mai 2.60 yana da kashi 38.5. Haɗa su, za ka samu kusan 105, alhali tanis ba ta da kunnen doki, ɗari ya kamata a samu. Wannan biyar ɗin da ta yi sama ita ce ribar kamfani, an cire ta tun kafin a buga ƙwallo. Don sanin ainihin hasashen, raba 66.7 da 105, sai ya koma kusan kashi 63. Shi ya sa tikiti mai wasanni da yawa ke cin mutane. Wasa biyar kowanne a 1.20, idan aka ninka od ɗinsu da juna, na ba da 2.49, wato sai ka ci sau 40 cikin ɗari kafin ka tashi babu riba babu asara. Idan kowane ɗan wasa damarsa kashi 80 ce, damar su biyar su ci tare ba ta kai kashi 33 ba.

Sai kuma ƙasar kanta, a nan ne aikin yake. Abin da ke saman filin garin jan bulo ne da kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, a kan dakakken farin dutse. Ƙwallo na rage gudu idan ta sauka, ta kuma yi tsalle sama. Mai dogaro da ƙarfin sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, sai ya ga ana dawo masa da ƙwallon da a kan ciyawa ba a ko taɓa ta. Pete Sampras ya ci manyan kofuna 14, babu ko ɗaya a Paris. Rafael Nadal kuwa sau 14 ya ɗauki wannan kofi, ya ci wasa 112, an doke shi sau 4 kacal, domin ƙwallonsa mai juyi tana tashi har kafaɗar abokin wasa. Saboda haka kada matsayin ɗan wasa a jadawalin duniya ya ruɗe ka, yawancin makin a kan fili mai tauri ake tara shi. Duba sau nawa yake karya sabis ɗin abokin hamayya a jar ƙasa, wato ya yi nasara a lokacin da abokin ne ke buga sabis, da makin da yake ci a sabis ɗinsa na biyu, da ko ya iya sulɓi zuwa ga ƙwallo ba tare da ya rasa tsayuwa ba.

Gasannin share fage ma ba ɗaya suke ba. Madrid tana kan tudu, mita ɗari shida da wani abu, iska ba ta da nauyi, ƙwallo na gudu, don haka nasara a can ba ta cika nuna abin da zai faru a Paris ba. Monte Carlo da Rome sun fi kama da ita. Duk da haka a 2023 Daniil Medvedev ya ci kofin Rome, ya zo Paris aka fitar da shi a zagayen farko.

Kafin kowane wasa, duba yanayi da lokacin da za a buga. Rana mai zafi na busar da fili, ƙwallo ta yi sauri ta yi tsalle. Da sanyi ko yayyafi ƙasa na manne wa ƙwallo ta yi nauyi. Tun 2021 ana wasan dare, babban filin gasar, Philippe-Chatrier, kuma yana da rufi tun 2020.

Ana raba wasan tanis kashi-kashi da ake kira seti, maza har seti biyar suke iya bugawa, mata uku, wannan bambanci ne mai girma ga mai hasashe. A seti biyar gwani na da lokacin gyara kuskurensa: a wasan ƙarshe na 2025 Carlos Alcaraz ya rasa seti biyu na farko, sau uku saura maki ɗaya Jannik Sinner ya ɗauki kofi, amma ya farfaɗo ya ci bayan awa 5 da minti 29. Wanda ya sha irin wannan doguwar fafatawa a zagayen baya, a rage masa kaso a na gaba. A ɓangaren mata ba-zata ta fi yawa. Jelena Ostapenko a 2017 da Barbora Krejcikova a 2021 sun ci kofin ba sa cikin 32 da aka ware a sahun gaba, ko da yake Iga Swiatek ta ɗauka sau huɗu tsakanin 2020 da 2024.

Idan kana hasashen wanda zai ci kofin gaba ɗaya, jira a fitar da jadawalin 'yan wasa 128, ka bi hanyar zagaye bakwai da ke gabansa, ka ga wa zai haɗu da shi a zagaye na huɗu da na kusa da na kusa da ƙarshe. Od ɗin ɗan wasa da ya tashi kwatsam ana gobe wasa sau da yawa labarin rauni ne, sai ka duba ko ɗan wasan ya fito atisaye da ɗauri a cinya ko gwiwar hannu.