Yadda ake shirya tafiyar hunturu zuwa tsaunukan Norwe domin wasan zamiya da abincin gargajiya

Wanda yake son ya ga hunturun ƙasar Norwe yadda mutanenta suke rayuwa a cikinsa, ya kamata ya shirya zamiya a kan dusar ƙanƙara da cin abinci a matsayin abu guda, domin yawancin abincin gargajiyar ƙasar an ƙirƙire shi ne saboda mutumin da ya yini cikin sanyi yana aiki da jikinsa.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma hasken rana ne ya kamata ya yanke maka hukunci. A watan Disamba, yini a yankin Lillehammer, wani gari da ke arewa da Oslo, bai wuce kimanin awa 6 ba, wanda ya yi wa sabon shiga kaɗan. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris yini ya tsawaita, kuma dusar ƙanƙara tana nan da kaurinta. Sai dai a cikin wannan tsakanin ne makarantu ke hutun hunturu, galibi a mako na 8 da na 9 na shekara, sannan hutun Ista ya biyo baya, lokacin da iyalai ke tururuwa zuwa tsauni, masauki ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu. Farkon Maris, bayan hutun makarantu, shi ne abin da nake ba da shawara. Idan fasfonka yana buƙatar bizar Schengen, ka nema da wuri, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ka tabbatar ta haɗa da raunin da za a iya samu a wajen wasan zamiya.

Bayan haka sai zaɓen wuri guda da za ka yada zango. Trysil ita ce wurin zamiya mafi girma a ƙasar, Hemsedal ta yi suna da gangarowa masu tsayi, Geilo kuwa tana kan layin dogon da ya haɗa Oslo da Bergen. Ga mai zuwa karo na farko, na fi ganin dacewar Lillehammer, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1994. Jirgin ƙasa yana kai mutum can daga filin jirgin saman Oslo cikin kimanin awa 2, ba tare da ya ɗauki hayar mota ya tuƙa a kan titi mai santsi ba. Daga garin ana zuwa Hafjell domin gangarowa daga tsauni, ana kuma hawa Sjusjøen domin zamiyar dogon zango. Garin yana bakin kwarin Gudbrandsdal, wanda yake da babban matsayi a tarihin abincin ƙasar.

Mataki na uku shi ne sanin irin zamiyar da za ka koya. Gangarowa daga tsauni tana buƙatar tikitin na'urar da ke hawar da mutane sama, da hular kwano, da takalma masu tauri. Zamiyar dogon zango, wadda suke kira langrenn, tafiya ce a kan siraran alluna cikin hanyoyin da aka gyara a daji da fili, yawancinsu kyauta ne, kuma ita ce ainihin al'adar mutanen ƙasar. A kowane Maris ana gasar Birkebeiner ta kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, kowane ɗan gasa da jaka mai nauyin kilo 3.5 a bayansa, domin tunawa da mayaƙan da suka tsallake tsauni a 1206 ɗauke da jariri Håkon, wanda daga baya ya zama sarki. Ka ɗauki hayar kayan wasa a can maimakon saye, kuma ka biya malami a kwanakin farko, domin koyon tsayawa da yadda ake faɗuwa lafiya ya fi koyon gudu muhimmanci.

Game da sutura, a sa ulu a jikin fata, a ɗora wata riga mai ɗumi, sannan a rufe da wadda iska ba ta ratsa ta. A guji auduga, domin tana riƙe gumi, gumin kuma yana sanyaya jiki da zarar an tsaya. Tabarau mai duhu ma wajibi ne, saboda hasken da dusar ƙanƙara ke mayarwa yana cutar da ido.

Sai kuma tsarin abinci, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan Norwe yana karya kumallo sosai, sannan ya naɗe yankan burodi a takarda, abin da suke kira matpakke, ya sa a jaka tare da fulas na koko mai zafi, da lemon zaƙi, da cakulan Kvikk Lunsj da ake sayarwa tun 1937. A kan burodin ka gwada brunost, cuku mai launin ƙasa-ƙasa da ake samu ta hanyar dafa ruwan da ya rage bayan an cire cuku har sai zaƙinsa ya fito ya daskare. Wata mai tatsar madara daga Gudbrandsdal, Anne Hov, ita ake dangantawa da ƙara masa kirim a 1863, kuma nau'in da ya fi shahara yana ɗauke da sunan kwarin har yau. A bukkokin da ke kan hanyar zamiya ana sayar da waina mai siffar zuciya da wannan cuku ko kirim mai tsami a kanta.

Babban abincin yini ana cin sa da wuri, wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na yamma, daidai lokacin dawowa daga tsauni. Ka nemi finnbiff, siraran yankan naman dabbar nan mai rassan ƙaho da al'ummar Sami ta arewacin ƙasar ke kiwo, wanda ake dafawa da kirim da naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, a ci da markaɗaɗɗen dankalin turawa da wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami. Akwai rømmegrøt, fate mai kauri na kirim mai tsami da fulawa da ake zuba wa narkakken man shanu da sukari da kirfa. Daga Janairu zuwa Afrilu kuma lokacin skrei ne, babban kifin da ke gangarowa daga tekun Barents zuwa gaɓar arewacin ƙasar. Rakfisk na yankin Valdres kifi ne da ake jiƙawa da gishiri tsawon watanni, kamar yadda daddawa ke samun ƙarfinta ta hanyar ajiya, ana kuma cin sa ba dahuwa da albasa da lefse, wata siririyar gurasa mai laushi. A fara da ɗan kaɗan, kuma hukumomin ƙasar suna shawartar masu juna biyu su guje shi. Fårikål, naman rago da kabeji, abincin kaka ne, pinnekjøtt kuma, busasshen haƙarƙarin rago mai gishiri, na Kirsimeti, don haka a Maris ba a ko'ina za a same su ba.

Musulmi ya riƙe kalmar svin, wato alade, ya duba ta a jikin kowane kunshi, ya kuma yi tambaya game da tsiran-alade da ƙwallon nama, har ma da finnbiff, domin wasu suna soya shi da naman alade. Wanda yake son naman halal ya saya a shagunan unguwar Grønland da ke Oslo kafin ya hau jirgin ƙasa, ya kama masauki mai kicin, wanda hakan zai rage masa kuɗi sosai tunda gidajen abinci suna da tsada. Yawancin shaguna suna rufe ranar Lahadi, saboda haka a yi cefane ranar Asabar.

Kowace safiya, kafin ka fita, ka duba hasashen yanayi a shafin intanet na Yr da gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara a shafin Varsom, ka kuma gaya wa masu masaukinka inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Ƙa'idojin tsauni na ƙasar, waɗanda aka yaɗa sosai bayan mutum 18 sun rasu a hutun Ista na 1967, sun jaddada cewa babu abin kunya a juyowa tun da sauran lokaci. Ƙungiyar masu yawon tsauni ta DNT, da aka kafa a 1868, tana da bukkoki sama da 500, amma tafiya daga bukka zuwa bukka a hunturu aikin ƙwararru ne, ko wanda ke tare da jagora. Sabon shiga ya tsaya kan hanyoyi masu alama, da waya mai caji a aljihun ciki inda sanyi ba zai kashe batirinta ba, da lambar gaggawa 112 ta 'yan sanda da 113 ta motar asibiti.