Kurakuran da ke kashe muna injin wanki tun bai tsufa ba

Injin wanki yanzu ya shiga sahun kayan ɗakin amarya a nan Birnin Kebbi, duk jeren da kinka je gani daga Gesse har Badariya za ki hango shi can gefe cikin kwalinshi, ko LG ko Hisense ko Haier Thermocool ko Scanfrost, gwargwadon ƙarfin iyaye. Abin da ke ba ni takaici shi ne kafin a yi haihuwa ta biyu injin ya koma wurin aza bokiti da tsumma, in kinka tambaya a ce maki ai kayan zamani ba su da ƙarko. Wallahi mafi yawa a gida ake kashe shi, da hannunmu, kuma da omo ake farawa.

Mun tashi da wankin hannu, in ba ki ga kumfa ta cika baho tana zuba ba hankalinki bai kwanciya, to sai a ɗauko wannan sabon a kai ma inji, a buɗe leda a zazzaga Viva ko Klin ko Ariel da ido kawai ba awo. 'Yar uwa kumfa ba ta wanki. Sinadarin da ya narke cikin ruwa shi ke ɓanɓare dauɗa, sai kuma gugar da tufafi ke yi da junansu in injin na juyawa, kuma in kumfa ta yi yawa ita ke shiga tsakani ta hana wannan gugar. Ga shi ba ta fita da ɗauraya ɗaya, shi ya sa za ki ga baƙin wandon maigida ya bushe da farin zane-zane, tawul ya yi tauri, jariri na ta susa ana cewa ƙurajen zafi ne alhali omo ne ya maƙale cikin rigarshi. Sauran kuma ya kwanta can ƙarƙashin tukunyar injin inda ido bai kai, ya haɗu da dauɗa ya zama wani baƙin kauci mai wari. Gyaran ba wuya, ki bi awon da anka rubuta bayan leda, in kayan ba su yi datti sosai ba ma rabin awon ya isa. Ki taɓa ruwan ɗauraya na ƙarshe, in kinka ji santsi tsakanin yatsunki to omo ya yi yawa, gobe ki rage. In kuma injinki mai baki biyu ne, wanda ake wanki gefe guda a matse gefe guda, ki fara tara ruwa ki sa omo ki bar shi ya juya kaɗan ya narke, sannan ki zuba kaya.

Masu injin da ƙofarshi ke gaba, mai gilashin nan, nasu ya fi tsanani. Shi ruwa kaɗan yake sha, omon wankin hannu kuwa an yi shi don ya yi kumfa, to in kinka haɗa su kumfa za ta taso har ta fito ta aljihun zuba omo, ta gangara inda wayoyi suke, injin ya yi ta ƙara ɗauraya wankin awa ɗaya ya koma biyu, wuta ta ɗauke kina tsaka. Ki nemi wanda anka rubuta ma jiki cewa na injin otomatik ne, gari ko na ruwa. Ya fi tsada ba ƙarya, amma ɗan kaɗan ake sawa.

Omon awo da ake ƙullawa leda a kasuwa ba suna ba lambar NAFDAC, da sabulun ruwa na haɗin gida, ni ba na kushe sana'ar kowa, mata da yawa da shi suke rufin asiri kuma yana wanke tsakar gida da bayi tas. Amma ba ki san yawan sodar da anka sa ba, in ta yi yawa tana cin hannu tana koɗar da atamfa, ban yarda a zuba shi cikin injin da anka kashe kuɗi masu yawa anka sayo ba. Haka masu gurza sabulun sanda irin Canoe su watsa ciki. Sabulun sanda wurinshi wuyan riga da bakin hannu da hammata, ki goga ki cuɗa da hannu sannan ki jefa rigar cikin inji. In ya haɗu da ruwa mai zartsi dunƙulewa yake yi ya zama wani farin maiƙo da ke liƙe ma kaya da bututu.

Tunda anka zo maganar ruwa, rijiyoyi da bohol ɗinmu ba ɗaya suke ba, unguwa da unguwa ma akwai bambanci. Ki ɗebi ruwanki rabin gora ki ɗiga sabulu ki girgiza, in ya yi fari-fari ba kumfar kirki to mai zartsi ne, irin shi ne kawai za ki ɗan ƙara omo sama da awo. Ruwan 'yan ga-ruwa kuma ki bar shi ya kwana cikin duro yashi ya kwanta, ki ɗebi na sama. Injin otomatik yana da ɗan rariya daidai inda tiyon ruwa ke shiga ta baya, yashi na toshe ta sai ki ga injin na ta jiran ruwa yana kuka, a kira mai gyara a biya shi alhali kashe famfo ne a kwance tiyo a wanke rariyar da tsohon buroshin haƙori.

Sai bilic, wato Hypo da Jik, a nan nake so ki natsu don wanga ya wuce ɓarnar kaya, magana ce ta rai. Kar ki taɓa haɗa su da ruwan wanke masai irin Harpic, ko binega, ko ruwan lemun tsami, wai don fari ya ƙara fita. Haɗin yana tada iskar kulorin, tana shaƙe mutum tana ƙona ido da ƙirji, balle cikin ɗan matsattsen bayi da ƙofa rufe. Kayan fitsarin yara ma a fara ɗauraye su da ruwa zalla kafin su ga bilic, dama ai ko don najasa ya kamata a yi hakan kafin a haɗa su da kayan salla cikin tukunya ɗaya. Kuma ba a tsiyaya bilic kai tsaye kan tufa, a surka shi da ruwa tukuna, fararen kayan auduga kawai, ban da mai kala, ban da siliki da ulu da duk wani yadi mai talewa. Masu jiƙa farar shadda cikin Hypo ta kwana, zaren kuke cinyewa, bayan 'yan wanki za ta fara yagewa wurin ninki. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, in ruwan bohol ɗinku mai ƙarfe ne, irin wanda ke barin jan tsatsa jikin bokiti, bilic na mai da farin kaya rawaya ne, ki ƙara Hypo ya ƙara yin rawaya. Irin wannan ruwan gara ki haƙura da bilic ki dogara da omo mai kyau da rana.

Bula a dama ta cikin bokiti daban, in ta shiga inji a dunƙule ɗigo-ɗigo za ta yi ma kaya. Sitaci ma bokiti. Jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna. Manja ki ɗiga mashi sabulun wanke kwanuka ki cuɗa kafin wanki, saura rana ta ƙarasa.

Ba kowane kaya ke shiga inji ba kuma. Gezna mai tsada da hannu da ruwan sanyi, in ba haka ba ƙyallin ya tafi ko masu bugu ba su iya dawo da shi duka. Hular maigida a kai ma masu wankin hula. Leshi mai duwatsu da mayafi mai laushi ki sa su cikin rigar filo ki ɗaure baki, kaftani mai aiki ki juya shi bai-bai.

To shi kanshi injin. Amarya in naki mai ƙofar gaba ne, ki leƙa bayanshi akwai manyan kusoshi uku ko huɗu da kamfani ya ɗaure tukunyar da su don kar ta yi lilo a hanya. Dole a kwance su kafin wankin farko. Gidaje nawa anka kunna da su ɗaure, injin ya kama tsalle yana tafiya tsakar ɗaki kamar ɗan maraƙin da anka kwance, a ce ai haka yake, kafin a farga ya karya na ciki. Ki aje kusoshin wuri guda don ranar tashi gida. Sannan a daidaita ƙafafunshi kan siminti mai lebur, in kinka tura shi da hannu yana rawa to bai zauna ba.

Kilo 7 ko kilo 10 da ke rubuce jiki nauyin busassun kaya ne, kuma a mai baki biyu gefen matsa bai kai gefen wanki ɗauka ba. Amma sai a tara wankin sati biyu saboda yau anka kawo wuta, a danna har da ƙafa. Na san mi ke jawo haka, ba wanda ya san yaushe za ta ɗauke, sai dai kaya ba su fita in ba su samu wurin juyawa ba, ga bel na zamewa moto na zafi. Ki raba biyu, ki bar wuri sama kamar faɗin tafin hannu. Babban bargon hunturu in ya sha ruwa nauyinshi ya fi ƙarfin ƙaramin inji, darduma mai kauri da kafet kuwa kar ma a fara. Wurin matsa ki jera kaya daidai ki danna ɗan faifan robar nan sama, mutane na yar da shi suna ganin ba ya da amfani, shi ke hana safa da ɗankwali tsallakewa su faɗa tsakanin tukunya da bango. Kuma don Allah a hana yara sa hannu ciki yana juyawa.

Aljihu, aljihu. Ƙwallon dabino, goro, asuwaki, carbi, biro, makulli, uwa uba fil ɗin mayafi da allura, su ke huda robar ƙofa su maƙale cikin famfon fitar da ruwa. Lokacin hunturu ki kakkaɓe kaya waje kafin ki sa, musamman yunifom ɗin yara da kayan wanda ya dawo daga fadama, yashin nan bai narkewa, can yake taruwa. Mai ƙofar gaba yana da ɗan murfi ƙasa ta gaba, ki tara faranti ki buɗe ki zaro matatar ki wanke ko sau ɗaya a wata, mai baki biyu kuma ɗan ragar da ke jikin bango ita ke tara zare, a wanke ta duk bayan wanki.

Wuta ita ce ɗayan mai kisan. Injinan nan an yi su don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240, in kinka ga fanka na juyawa da ƙyar ƙwai ya yi ja, ki haƙura da wankin ko ki sa sitabilaiza mai ƙarfi, don moto na ƙonewa da raunin wuta kamar yadda yake ƙonewa da yawanta. Ƙaramin janareta bai ɗaukar mai ƙofar gaba in zai dafa ruwa, hitarshi kaɗai na cin kusan wat 2000, sai dai ki sa shi kan ruwan sanyi. In an ɗauke wuta ki zare soket, dawowarta ke ƙona allon na'ura. In kuma injin na ɗan jan ki in kin taɓa, kar ki ce ai kaɗan ne, ki kira mai wayarin ya duba wayar ƙasa, ki daina tsayawa ba takalmi cikin ruwa, a ɗaga wayar ƙari daga ƙasa.

In kin gama kar ki bar jiƙaƙƙun kaya su kwana ciki, ki goge robar ƙofa har cikin ninkinta, ki bar ƙofa da aljihun omo buɗe su sha iska, wata-wata ki kunna shi ba kaya da ruwa mai zafin digiri 60. Mai baki biyu ba a zuba mashi tafasasshen ruwa, roba ce, kar ya wuce digiri 50, kuma ba a watsa ruwa kan maɓallanshi. Ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40 tana busar da roba ta tsattsage, a sama mashi inuwa, a kuma lura da ɓeraye don ta ƙasa suke shiga su ci waya.

Duk ranar da kinka kunna kinka ji moto na gurnani amma bai juyawa, ki kashe nan take kar ki tsaya taimaka mashi da hannu. Sau da yawa kafasito ne, ɗan abin da ke tada moto, ya mutu ko bel ya saki ko wani abu ya maƙale ƙarƙashin faifan da ke juya kaya, gyara ne mai sauƙin kuɗi, amma in kinka bar shi yana gurnani na 'yan mintuna wayar moton ce za ta ƙone, sai naɗi ko sabon moto.