Yadda za ka gano ƙarar sitiyarin boksi ka gyara ta

Duk direban da ya shekara yana zirga-zirga da boksi, wato motar ɗaukar kaya irin Hilux, tsakanin gonaki da kasuwar Gadarif ta Sudan ya san abin da baƙar ƙasar nan take yi wa mota. Da damina taɓo ya liƙe ƙarƙashinta, da rani ƙasa ta dare, ƙura ta shige duk inda roba ta yage, ga buhunan dawa da riɗi a baya. Sitiyari, wanda a nan ake ce wa diriksiyon, yana cikin masu fara kuka. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan'uwa ke garzayawa su sayi sabon famfon man sitiyari da an ji ƙara. Wani maƙwabcina ya yi haka, ashe bakin tiyo ne ya saki yana zuƙar iska, kuɗinsa ya tafi a banza.

Mataki na farko saurare ne. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka tada inji, ka sa yaron mota ya riƙa juya sitiyari dama da hagu kai kana tsaye a gaba. Sannan a kashe inji a sake. In ƙarar ta ɓace, matsalar tana wajen mai, famfo ko bel. In tana nan, a gaɓoɓin ƙarfe take.

Na biyu, buɗe bonet ka duba man sitiyari. A jikin kwalbar akwai alama biyu, ta mai zafi da ta mai sanyi, ka auna da wadda ta dace. Ƙara mai kama da gurnani, wadda ke ƙaruwa idan ka juya, yawanci ƙarancin mai ce ko iska. Dubi man da kyau: in ka ga kumfa, iska ta shiga, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya mutu, a sauya shi. Hilux mai famfo tana shan jan man giyar otomatik ne, Dexron II ko III, amma karanta abin da ke kan murfin. Don Allah kada a zuba man birki, yana kumbura robobin ciki ya lalata su. Kuma mai ba ya raguwa haka kawai, bi tiyo da hannu har ka sami inda yake yoyo.

Fitar da iska ba wuya. Ɗaga tayoyin gaba, inji a kashe, juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali kamar sau goma ko fiye, ka cike mai, ka tada inji ka maimaita har kumfa ta daina. Kada ka danne shi a ƙarshe sama da daƙiƙa 10, famfo yana wahala. Sai an yi duk wannan, gurnanin bai tafi ba, sannan a zargi famfo.

Tsuwa mai kaifi da safe ko a kwana, bel ne. A ɗaure shi, in ya tsattsage a sauya.

Na uku shi ne wanda nake so ka ba lokaci, domin nan rai yake: ƙarar ƙwas-ƙwas idan ka faɗa rami ko ka juya. Fara da auna wasan sitiyari, tayoyi a miƙe. In bakinsa yana tafiya fiye da milimita 30 kafin taya ta motsa, akwai abin da ya ci. Ka ɗaga motar, ka tokare ta da abin tsayarwa mai ƙarfi, ka sa dutse bayan tayar baya. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a ƙasa mai laushi irin tamu. Kama taya ta gefe da gefe ka girgiza: motsi a nan tayarod yake nunawa, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Kama ta sama da ƙasa: boljoin ne, wato gaɓar da ke riƙe da taya tana juyawa a kanta, ko boris. Ka sa a taka birki ka sake girgizawa, in motsin ya tsaya, boris ne. Ɗora hannu a kan kowace gaɓa ana kaɗa sitiyari, inji a kashe, za ka ji bugun a tafinka. Hilux daga 2005 zuwa sama tana da rak, wato sandar haƙora da ke tura tayoyi dama da hagu, sai ka duba robobin da suka riƙe shi da rigunan roba na gefensa. Tsofaffi masu jan ƙafa huɗu akwatin sitiyari gare su, da sandunan da ke fita daga gare shi.

Gaɓar da ta ci ba a yi mata faci, sauya ta ake yi. Kafin ka kwance tayarod ƙirga zagayen zarensa, ka mayar da sabon daidai da haka, ka sa sabon fil a notin, kada ka maye shi da ƙusa. Daga nan ka wuce wajen usta, wato makanike, a daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba za su cinye gefe guda. Boljoin na ƙasa in ya tsinke taya kwanciya take yi, motar kuma ɗauke da kaya da mutane a baya, saboda haka kada ka ce sai bayan kaka.

Saura biyu. Ƙas-ƙas a jere lokacin kwana a mota mai jan ƙafa huɗu, kan shaf ne, wato gaɓar sandar da ke juya tayar gaba, leƙa ka ga ko robarsa ta yage giris ya fantsamo. A tsofaffin Hilux kuma akwai ƙarar gogar ƙarfe idan an kai sitiyari ƙarshe, mai tayar da hankali, alhali murfin robar notin da ke tsayar da juyawa ne ya cinye. Goge wurin, shafa giris, ka juya ka saurara.