Yadda Ake Gano Furotin da Ɗan Ƙwallon Gilashi

Ɗan ƙwallon silika, wato tsantsar gilashi, da kaurinsa bai wuce na 'yan silin gashi ba yana iya tsare haske a cikinsa, hasken ya yi ta kewaya gefensa kamar yadda raɗa take bin bangon ƙubbar cocin St Paul da ke Landan. Da zarar wani abu, kamar furotin, ya manne a jikinsa, tsawon zangon hasken da yake karɓa sai ya gusa kaɗan, kuma wannan gusawa ce ake aunawa. Da wannan dabara masana kimiyya Vollmer da Arnold da Keng suka gano ƙwayar cutar mura guda ɗaya a 2008.

Don yin ƙwallon, a samo zaren gilashi na sadarwa mai kaurin maikiromita 125 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a ɓare robar da ke jikinsa, a goge shi tas, sannan a narkar da bakinsa da lezar CO2, inda gilashin zai dunƙule da kansa ya zama ƙwallo mai santsi. Sai a ja wani zaren a kan wuta har tsakiyarsa ta sirance zuwa maikiromita 1 ko 2, a matso da shi dab da ƙwallon, a haɗa bakinsa ɗaya da leza mai sauya zango, ɗayan kuma da na'urar auna haske. Zangon da haske ya dusashe a kansa shi ne wanda ƙwallon ya karɓa. Tunda a cikin ruwa za a yi aikin, gara a zaɓi haske mai zango na wajen nanomita 630 zuwa 780 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiromita), domin ruwa yana shanye na nanomita 1550 da aka saba amfani da shi a zaren sadarwa.

Gilashi tsurarsa ba ya tantance abin da ya manne masa, saboda haka a shafe shi da APTES, sinadarin da ke ba wasu abubuwa wurin kamawa a jikin gilashi, a ɗaura masa ƙwayoyin garkuwa (antibodies) masu kama furotin ɗin da ake nema, a toshe sauran gurabe da BSA, wani furotin na jinin shanu, don kada wani abu daban ya manne.

Matakin da ya fi neman haƙuri shi ne na gaba. A zuba ruwan PBS zalla, wato ruwan gishiri mai daidaita tsami, a jira har zangon ya tsaya cak kafin a saka samfur, domin ƙarin zafi na digiri ɗaya yana gusar da zangon da 'yan pikomita (kashi ɗaya cikin dubu na nanomita), abin da zai iya rufe alamar furotin gaba ɗaya. Ya kamata a ajiye ƙwallo na biyu marar ƙwayoyin garkuwa a cikin ruwan, a riƙa cire gusawarsa daga ta na farko. Bayan samfurin ya zauna, a sake ɗauraye ƙwallon da PBS, a rubuta gusawar da ta rage, domin ita ce ta furotin ɗin da ya kamu.