Fara duba tsafin: yadda nake zaɓar tsarin wasa don labaran takobi da tsafi

Karon farko da na ja wa abokaina wasan takobi da tsafi a kan tebur, irin wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa na riƙe da jarumi guda a cikinsa, Dungeons & Dragons (D&D) bugu na biyar na ɗauko, don shi muka saba. Na kwana biyu ina shirya wani kabari mai duhu, ina so gabansu ya faɗi tun daga bakin ƙofa. Suna shiga, mai riƙe da matsafi ya ce ya kunna haske da tsafi, kyauta, ko gumi bai yi ba. Da aka jikkata su, suka kwanta awa takwas, suka tashi garau. Duhun da na shirya ya tashi a banza. Ba laifin abokan ba ne, ni ne na ɗauko tsarin da aka ƙera don wani labari daban.

Labarin takobi da tsafi yana da halinsa. Marubuci Robert E. Howard ne ya kafa shi, jaruminsa Conan ya fara fitowa a mujallar Weird Tales a 1932, Fritz Leiber kuma ya raɗa masa suna a 1961. Jarumin ba ceton duniya ya fito yi ba. Ɓarawo ne ko sojan haya, aljihunsa fayau, yana neman dukiya ko hanyar tsira da ransa. Tsafi abin tsoro ne, galibi a hannun mugu yake, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya biya.

Don haka in ka ɗauki littafin dokoki, tsallake hotunan, buɗe babin tsafi. Tambayarka ɗaya ce: me matsafi yake asara idan ya yi aiki? A wancan bugu na biyar na D&D, na 2014, takwas daga cikin rukunan jarumai goma sha biyu suna da tsafi tun asali, wasu ƙananan tsafe-tsafen ma ba su da iyaka. Za ka iya hana wannan, ka soke wancan, amma sai ka wayi gari kana kokawa da littafin da ka saya.

Kwatanta da Dungeon Crawl Classics na kamfanin Goodman Games, wanda ya fito a 2012. A can duk tsafi sai an jefa ɗan lido. Ya yi kyau, wuta ta ci maƙiya. Ya faɗi a kan ɗaya, tsafin na iya juyowa kan mai shi, ko jikinsa ya fara lalacewa har kamanninsa su sauya. Yana kuma iya ƙona ƙarfin jikinsa don tsafin ya ƙara kaifi. Na ga ɗan wasa ya riƙe ɗan lido kusan minti guda yana shawara da kansa, sauran sun yi tsit. Wannan shirun nake nema. Sai dai ka sani, wasan na buƙatar 'ya'yan lido masu fuska 7, 14, 24 da 30, kuma ana farawa da talakawa uku ko huɗu ga kowane ɗan wasa, wanda ya tsira shi ke zama jarumi. Masu son su fara a matsayin gwarzo tun daren farko ba sa jin daɗin haka.

Su sai ka kai su Barbarians of Lemuria na Simon Washbourne, wanda ni dai shi na fi so. 'Ya'yan lido biyu masu fuska shida, ka haɗa da makinka, in ka kai tara ka ci. Babu doguwar jerin ƙwarewa, sana'o'i huɗu kawai za ka zaɓa, misali ɓarawo, matuƙin jirgin ruwa, bawa, sojan haya, kuma tarihin jaruminka ke nan. Ƙananan dogarai suna zubewa da sara ɗaya. Abin da ya fi burge ni: kafin ka ƙara ƙarfi, sai ka ba da labarin yadda ka ɓarnatar da ganimar da ka samo. Jarumi ya koma tsiya, dole ya sake fita.

Abu na biyu shi ne faɗa. Kana son na jini da karaya, inda sara ɗaya zai iya raba mutum da hannunsa? Duba dangin RuneQuest, wanda ya fara fitowa a 1978, da Mythras: ana lissafi da kashi cikin ɗari, kowace gaɓa da nata makin rai. Faɗan yana da daɗi, amma yana cin lokaci. Wasan Conan na kamfanin Modiphius, na 2017, yana da dabara mai kyau: 'yan wasa na tara maki daga nasarorinsu, mai jan wasa kuma na tara nasa na masifa a gaban idonsu. Lasisinsa ya ƙare, samunsa sabo da wuya.

Kada ka yanke hukunci da karatu kaɗai. Zaɓi tsari biyu, ka shirya fage guda: ɓarawo zai hau hasumiya da dare, dogarai uku a tsakiya, matsafi a sama. Ka ja shi a kowane tsari, rabin awa rabin awa. Ka lura sau nawa ka buɗe littafi, minti nawa faɗan dogarai ya ci, da kuma ko wani ya ja da baya sa'ad da matsafin ya ɗaga hannu. A teburina faɗan ya ƙare cikin minti shida da Barbarians of Lemuria, ɓarawon kuma ya gwammace ya diro ta taga da ya tsaya ya ga abin da matsafin zai kira. Da shi muka ci gaba.